Sallamar Baba Ayuba a dandalin masu kaji

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki a kafen intanet, ban taɓa mantawa da ranar da Baba Ayuba ya shigo mana a Samaru riƙe da mushen kaza a leda ba. Ku yaran yanzu ba ku san wannan zamanin ba. Intanet bai shiga waya ba tukuna, sai mutum ya zo kafe ya sayi lokaci. Ni ce mai kula da kwamfutoci, aikina in zaunar da sabon zuwa, in buɗe masa adireshi, in nuna masa inda zai danna.

Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi ritaya ya zuba duk abin da ya samu a kiwon kaji a bayan gidansa a Chikaji. Kajin ne suka kama mutuwa, kullum da safe sai ya kwashe wasu. Wani ɗalibi ɗan cocinsu ya ba shi labarin dandalin intanet da masu kiwon kaji na Arewa ke tattaunawa, har da likitocin dabbobi a ciki. Da ƙyar na lallaɓa shi ya ajiye ledar a waje. Na yi masa rajista, na bayyana masa tsarin: kowa na buɗe zance da tambayarsa, wasu su amsa a ƙarƙashi. Akwai mai kula da dandalin, shi ke goge duk zancen da babu tambaya a cikinsa, in kuma aka goge maka sau uku, an rufe sunanka ke nan.

Da yake bai iya buga rubutu ba, ni na zauna gaban allon. Na ce ya faɗi damuwarsa. Ya gyara zama ya ce in rubuta, "Salama alaikum, masu gida." Na jira saura, ashe babu saura. Ya ce in aika, sai an amsa zai ci gaba.

Muka aika, muka zuba ido. Can sai ga shi an goge. Ya ce wataƙila ba su ji ba, in sake. Aka sake gogewa, har da jan kunne. Wallahi raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba, nan fa ba zaure ba ne, kajinka mutuwa suke yi."

"'Yata, ina da furfurar nan zan faɗa gidan mutane ba a ce in shigo ba? Gara in koma."

Ya kai hannu ga hularsa. Tausayinsa ya kama ni, don na san in ya fita kajin sun tafi. Na roƙe shi mu gwada na ƙarshe. Ina aikawa na ce zan duba janareta, na zagaya zuwa kwamfutar da ke lungu, na shiga da wani sunana na dandalin, Maƙwabciya. Cikin sauri, kar mai gogewa ya riga ni, na rubuta, "Amin alaikum salam, Baba. Maraba, shigo."

Na dawo na sabunta shafin, na karanta masa. Ku zo ku ga fara'a! Ya gaida Maƙwabciya da gajiya da iyali, sannan ya zayyana komai, daga kashi mai jini har zuwa saukar fiffike. Kafin lokacinsa ya ƙare wata likita daga Jos ta amsa. Ta ce ya ware marasa lafiyar, ya kwashe jiƙaƙƙen garin katakon da ke ƙarƙashinsu, ya kai mushen nan asibitin dabbobi a duba yau ɗin nan. Ashe ledar da na kora waje ita ce mai amfani.

Da damina ta ja baya sai ga Baba da kiret na ƙwai, ya ce yawancin kajin sun tashi. Ya dire shi a teburina ya ce na Maƙwabciya ne. Na fara kame-kame, wai ban san inda take ba. Ya yi dariya har da tari.

"Ranar akwai wuta fa, 'yata. Wane janareta kika je dubawa?"

Tun daga nan na gane mutanenmu ba maɓallan kwamfuta ke ba su tsoro ba, shiga wurin da ba a yi musu maraba ba ne. Shi ya sa nake ce muku, in sabon zuwa ya yi sallama, ku fara amsa masa, koyarwar ta biyo baya.