Ruwan da Ba Mai Ɗiba

A tarihin waɗanda suka sha wuya saboda gaskiya, ban ga dalilin da zai sa a tsallake sunana ba. Tawa wuyar ta soma ne ran Litinin ta farko bayan dogon hutu, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal ɗin Korgom, makarantar bokon garinmu. Na dawo ke nan daga bakin teku, inda babana yake sayar da shayi, sai Mushe, malaminmu, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani a hutu. Na miƙe na ce na ga ruwa yana faɗowa daga kan dutse dare da rana, tsawonsa ya fi bishiyar kuka uku in an ɗora su, kuma mutane suna zuwa da mota daga birni su tsaya.

A garinmu kuwa sa ne yake jan guga, sai ya yi tafiya kamar zai bar gari kafin ruwa ya leƙo bakin rijiya, kuma yaron da ya kifar da tulu ya san abin da ke jiransa. Saboda haka Habu, ƙaton ajinmu, ya yi tambayar da ta dace: "Wa ke ɗiba daga ƙasa?" Na ce ba kowa. "Shanu fa?" Na ce babu, kallo kawai ake yi. Aji ya kwashe da dariya. Mushe ya san abin sarai, yana cikin littafin karatu, amma a takarda ya san shi, bai ji daɗi ɗan mai shayi ya riga shi gani ba. Ya ce in maimaita da Faransanci. Na kasa, ya ba ni dorina.

Da ruwan ƙarshe na damina ya sauko, su Habu suka ja ni bayan soron wani Alhaji, suka tsayar da ni ƙarƙashin indararo, ruwan laka da kashin tantabaru yana dukan ƙeyata. Suka yi layi, kowa ya ba Habu gyaɗa ya shiga kallo. "Ka ce ƙarya kake, mu sake ka." Haƙorana suna kaɗawa na ce kuka uku. Na yi kwanaki ina zazzaɓi, na tashi sunana Indararo, har inna takan manta ta kira ni haka.

Yau yaran Korgom suna kallon irin wannan ruwa a waya, su wuce da ɗan yatsa, ba wanda zai tsaya ya sha duka a kansa. Wani lokaci nakan yi kewar zamanin da abu yake da girman da za a ƙaryata shi. Bara aiki ya kai ni birnin nan na bakin teku, na ɗauki ɗan kabu-kabu na koma wurin. Bai kai kuka ɗaya ba.