Mai Facin da Ba Ya Taka Sifana

Duk mai facin taya da na sani a Kaduna, in ya zo ɗaure noti sai ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle, wai shi mai ƙarfi. Malam Zakariyya'u na Tudun Wada ne kaɗai ban taɓa ganin ya yi haka ba. Gajere ne, ga furfura, ga tsegumi a kan aikin wasu. In ka kai masa mota kana sauri, to ka kai kanka inda za a ɓata maka rai.

Ba da faci ya fara ba. Gyaran injuna yake yi a wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka rufe ta aka sallame su. Abokansa wasu suka koma ƙauye, wasu suka hau acaɓa. Shi ya kafa rumfa a bakin titi da injin iska, ya taho da halin masaƙa. Kowane noti sai ya goge haƙoransa da burushin waya, ya shafa giris ɗan mitsitsi, ya fara murza shi da yatsu kafin sifana ta taɓa shi. Farkon damina da ƙarshenta kuwa, da kansa yake tare masu motocin unguwa, a kwance notin a goge a mayar, don kada tsatsa ta kama.

Babana Alexander direba ne duk rayuwarsa, kuma tsohon kwastoman Malam. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, motarsa ta zauna a ƙofar gidanmu a Trikania, ruwa na dukanta damina bayan damina. Baba ya daina fita, ya kusa daina magana. Abin na ci min rai ƙwarai.

Sai ga waya daga ƙauyenmu a wajen Zonkwa: yayarsa, Mama Hephzibah, wadda ta raine shi, tana kwance ba ta ci ba ta sha, sunansa kawai take kira. Baba ba zai iya matsatsin motar haya ba. Dole in tuƙa shi a tasa, kuma a ranar, don kowa ya san matar ba za ta daɗe ba.

Bakanike ya tayar da injin. Amma tayar baya ta tsage, kuma notinta sun yi jawur, sun ƙi motsi. Wasu maƙwabta suka zo da bututu za su hau. Na kira Malam Zakariyya'u, ya iso a kan tsohon kekensa daidai lokacin da ɗaya ya ɗora ƙafa.

"Sauka!" ya ce. "In ka karya bol ɗin nan, na wannan tsohuwar motar a ina za ka samo yau?"

Ya tsuguna, ya goge tsatsar, ya ɗiga kananzir, ya ɗan ƙwanƙwasa gefen kowane noti da ƙaramar guduma. Sai ya koma gefe ya zauna.

Raina ya ɓaci. "Malam, don Allah! Mutuwa fa muke tsere da ita, ku kuna zaune?"

"Vicky, 'yata, ba ni ke zaune ba, kananzir ke aiki. Kawo wa Oga kujera ya fito ya sha iska."

Na so in yi masa rashin kunya, amma na je na fito da Baba. Malam ya gaishe shi irin gaisuwar da, kamar jiya suka rabu, ya koma kan taya. Ba ya fizga. Ya ɗan matsa gaba, ya ɗan dawo baya, ya ƙara kananzir. Notin suka riƙa saki ɗaya bayan ɗaya da ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ƙarshe ya ƙi. Rana ta take, ni ina ta kai da kawo, shi ko gumin fuskarsa bai share ba. Da notin ya saki, ban san lokacin da na ce "Yesu na gode!" ba, shi kuma ya ce "Alhamdulillahi."

Ya sa tayar safaya, ya goge, ya shafa giris ɗinsa, ya ɗaure. Da ya rage noti ɗaya, sai ya juya ya miƙa wa Baba sifana.

"Oga Alex, motarka ce. Kai za ka ƙarasa."

Na buɗe baki zan hana, ya harare ni. Muka matso da kujerar. Baba ya kama sifanar da hannun hagu, mai lafiyar, yana nishi, ya murza har ta tsaya. Giris ya ɓata masa yatsu.

"Ya ɗauru," in ji Baba, a fili.

"Ya ɗauru, Oga."

Ina taimaka wa Baba ya shiga mota, na hango Malam ta madubi ya sunkuya kamar mai tattara kaya, ya ƙara wa notin nan ɗan juyi shiru. Bai bar Baba ya gani ba, bai kuma bar mu mu hau hanyar Kachia da sakakken noti ba. A nan na ji mutumin nan ya shiga raina har abada.

Mun tarar da Mama Hephzibah da sauran numfashi. Idonta ya riga ya dushe, sai ta lalubo hannun ƙanenta ta kai kusa da fuskarta. Ta shaƙi warin kananzir da giris, ta yi murmushi.

"Alex, ashe ka warke? Ka koma aiki?"

Baba ya dube ni, ya dubi yatsunsa.

"Na koma, Yaya," ya ce. "Yau ma ni na ɗaure taya."

Ba ta saki hannun ba har ta cika.