Rokar Baba

Ni da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma da a ce mutum ne yake zaɓar maƙwabcinsa, ko shi kaɗai ya rage a gari ba zan ɗauke shi ba. Sai ga shi shekarar da aka ƙirƙiro mana sabuwar jiha an kwaso ma'aikata daga Kano, har da ni da shi, an jibge a Dutse, inda samun ɗakin haya ya zama sai wanda ya san wani. Ɗaki ɗaya muka samu, katifa biyu, risho ɗaya. Matanmu muka kai su Ringim wajen Inna kafin mu sami matsuguni.

Dutsen wancan lokacin, in an tashi daga ofis, babu abin yi sai kallon duwatsu da bishiyoyin dabino. Wasu suka kama dara, wasu suka kama gulma, ni kuwa sai hannuna ya koma ga abin da ya saba tun ina ƙarami, wato ƙera mota. Ba irin ta kara da yara suke ja a lungu ba. Gwangwanin madara da na man girki nake yankawa, in buge shi ya miƙe, in lanƙwasa, in liƙe da dalma yadda masu yin aci-balbal suke yi. Taya daga tsohon silifas nake fitar da ita, in bi ta da reza in yi mata zane. Na yi tasi, na yi bas irin mai zuwa kasuwar Shuwarin, na yi a-kori-kura har da 'yan buhuna a baya.

Yaya bai taɓa kallon ɗaya daga cikinsu da idon rahama ba. Wasan yara yake kiran abin, kuma ba a ɗaki kaɗai ba, har a gaban abokan aikina. Ya taɓa mayar da a-kori-kurata wurin ajiye sabulun wanka, ta yi tsatsa. Da na yi magana ya ce ai gara ta yi wani amfani. Ko da aka ba mu gidajen ma'aikata muka ɗauko iyali, na ɗauka na rabu da ƙaya, ashe katanga ɗaya ce za ta raba mu.

A sabon gidan na fara aikin da ya fi kowanne tsaya min a rai: rokar Baba. Mahaifinmu direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi da tumatir daga Ringim zuwa kudu, kuma a kan hanya ya rasu ina ɗan firamare. Bai bar hoto ba. Ba ya son tsayawa a gaban mai hoto, na jikin lasisinsa kuwa ya tafi tare da motar. Abin da ya rage min shi ne abin da idona ya riƙe, sai abin da na riƙa tsinta a bakin tsofaffin direbobi duk sanda na je tashar Ringim. Wani ya tuna min bodin katakon kore ne da ratsin rawaya. Wani ya ce akwai lotsawa a gefen hagu, inda wani sa ya taɓa kai mata karo a Taura. Na yi lotsawar. Na rataya 'yar buta a baya, na saƙala weji, icen tare taya, a inda yaron mota yake saƙalawa.

Daga ƙarshe na zo kan direban. Da guntun icen darbejiya na sassaƙa shi, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba. Gwiwar hannu a waje ta taga, yadda Baba yake tuƙi, hula ta karkata, ga tsagar gado a kumatu wadda na ja da bakin allura. Na ɓata itace ba adadi kafin wata rana fuskar ta fito. Da na ɗaga ta a haske, sai ga Baba sak. Na zaunar da shi a bayan sitiyari, na kifa rufin, na liƙe da dalma ta kowane gefe, na yi fenti. Daga nan babu mai fitar da shi sai an farke kan motar gaba ɗaya.

Inna a lokacin idonta ya yi rauni, da hannu take gane abubuwa. Da na ba ta labari ta tambaye ni ko har da tsagar. Na ce har da ita. Ta ce in kawo mata da babbar salla ta shafa. Tun daga nan duk wanda ya zo Dutse daga gida sai ya ce Inna ta ce a tuna min.

Wannan ya zo daidai da shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Kowa ya yi murna, ni ma na sha rana a wurin taron, na yi kabbara har muryata ta dushe. Sai dai Yaya ya ɗauki abin kamar shi kaɗai aka saukar wa. Mutumin da a ɗakinmu na haya sai na tashe shi sallar asuba da ƙyar, shi ne ya koma mai leƙa gidajen mutane yana gyara musu addini. Ranar da ya ga direban ta tagar rokar, ya ce na yi gunki, mala'iku ba za su shiga gidana ba, kuma tun da katangarmu ɗaya abin ya shafe shi.

Ban yi gardama da ka ba. Na je na tambayi limamin masallacinmu, dattijo mai sanyin hali, ya ce maganar surar mai rai tana da nauyi, amma malamai sun yi sassauci a kan abin wasan yara, in je in yi abin da zuciyata ta natsu da shi. Na kawo wa Yaya wannan. Sai ya dube ni ya ce, “To kai yaro ne?”

Shekara da shekaru yana kiran abin nan wasan yara, ranar da sunan zai amfane ni kuma ya janye shi. Na ce masa ya bari salla ta wuce, Inna ta taɓa, daga nan ma yi magana. Ya ce haram ba ta jiran salla.

Ana saura 'yan kwanaki salla aka tura ni aiki Aujara. Da hantsi Yaya ya yi sallama a gidana, ya ce wa matata ta miƙo masa motar. Ita kuwa yayan miji ne, ko ido ba ta iya haɗawa da shi, balle ta ce a'a. Ta miƙa ta bayan labule. Ya zaro filaya daga aljihu, ya zura ta taga, ya ɗauke kan direban daidai wuya, saboda ya ji an ce in aka cire wa sura kai ta zama kamar itace. Ya jefa kan a murhun da take dafa abincin rana. Ko fentin ƙofar bai ƙwarzana ba, don a kan ɓarna Yaya akwai tsafta.

Da na dawo na tarar da matata tana kuka, na fita ko takalmi babu. Na sami Yaya a ƙofar gidansa yana yanke farce. Bai ma tashi ba. Ya ce in gode masa, ya gyara min ne, da wani ne da motar duka zai taka. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta shi ba, amma maƙwabta sun ji, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba har yau. Sai da mutum biyu suka riƙe ni. Na tsane shi a ranar, tsana irin wadda ban san ana yi wa ɗan'uwa ba.

Na gwada sassaƙa wani kan. Na yi, na sake, na sake, duk fuskar wasu mutane ce take fitowa. Ko da ta fito ma, ta tagar da ba ta fi ƙwayar gyaɗa biyu ba babu yadda za a dasa shi ya zauna. Matata ta ce in ce wa Inna ban gama ba. Na ƙi. Inna ba ta cancanci ƙarya ba, shi kuma bai cancanci rufin asiri ba.

Ranar salla bayan an sauko daga idi muka taru a ɗakinta a Ringim. Yaya yana gefe a kan buzu, ya sha babbar riga. Na ɗora mata rokar a cinya. Ta fara daga baya, yatsunta suka sami butar, ta yi dariya. Ta bi bodin har ta iso lotsawar, ta ce, “San nan na Taura.” Ta shafo ƙofa, ta sami gwiwar hannun a waje, ta tsaya a kai jim. Sannan ta zura ɗan yatsa ciki, ta bi kafaɗa, ta hau sama. Ta sake dawowa kafaɗar, ta sake hawa.

Ta tambaya ina fuskar take. Na ce ta tambayi babban ɗanta, ga shi nan zaune. Yaya ya gyara murya ya fara jawo bayani, har da Larabci. Ba ta juya wajensa ba, ba ta kuma katse shi ba, har ya gaji ya yi shiru don kansa.

Ta ce, “Ranar da aka kawo gawar ubanku ma ba a bar ni na ga fuskarsa ba.”

Ta ɗaga motar da hannu biyu ta miƙo min, ta ce in fitar mata da ita daga ɗaki. Ta juya ta fuskanci bango, naman sallar da aka kawo mata ma ba ta taɓa ba.