Jan idon talabijin da allurar Hajiya

Shekarun baya, kafin korona ta zo ta kulle mu a gidaje, mahaifiyata ta zo wurina Dubai ganin likita saboda ciwon suga. Wata guda ta yi a ɗan fulat ɗina na unguwar Muraqqabat, kuma tun sati na biyu ta fara ƙorafi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Ɗan nan," ta ce, "garin nan ba shi da ƙasa ne? Tun da na zo, daga lif sai tayil."

Ina ba abokina labari, wani ɗan kasuwa ɗan Kano da ke sarin kayan gyaran mota, sai ya ce ai magani na hannunsa. Ya sayi karaban na hannu a Ras Al Khor, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Akwai gado a ciki, da firji, da talabijin, da injin ɗumama abinci, duk a kan batir guda da ɗan sola a rufi. Ya ce zai kai mu sahara ranar Alhamis, ya dawo ya ɗauke mu Juma'a bayan la'asar.

"Batirin nan kwana biyu yake yi, habibi. Khalas, shi ke nan, ka bar Hajiya ta taka ƙasa."

A hanya muka biya kantin magani muka karɓi allurar insulin ɗinta ta wata uku, wadda za ta koma Kano da ita ranar Lahadi. Mai maganin ya ja mini kunne cewa zafi na lalata ta, kuma ba lallai ido ya gane ba. Na yi murmushi kawai. Aikina ke nan a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, kula da kwantenoni masu sanyi, kar kifi da kaji su narke a hanya. Ni za a koya wa firji? Na jera kwalayen a firjin karaban na rufe.

Abokina ya sauke mu nesa da kwalta ya juya. Hajiya ta cire takalmi ta yi ta yawo a rairayi tana dariya ita kaɗai, har aka yi magariba. Muka ci abinci, ta kalli labarai, na danna rimot na kashe talabijin, na kashe fitilu, muka kwanta.

Bayan sallar asuba na ji wani abu yana ƙara, ɗit, ɗit. Na duba mitar batir da ke jikin bango. Jiya layi huɗu ne cif. Yanzu saura ɗaya.

Wallahi gabana ya yanke ya faɗi. Lokacin sanyi ya riga ya wuce, kafin azahar cikin karaban ɗin nan zai koma tanda. In batir ya mutu firji ya mutu, in firji ya mutu allurar Hajiya ta tafi. Na kira abokina. Yana Jebel Ali ana loda masa kwantena, kuma ba zai iya motsawa ba sai an rufe ta.

"Kai, wasa kake! Me kuka kunna?"

"Babu! Komai a kashe yake."

"To shwaiya shwaiya, a hankali, ka lallaɓa shi. Ina gamawa zan taso, inshallah."

Tasi ba ta shiga rairayi, kuma ba kowa kusa da mu sai wasu raƙuma can nesa. Na fara zagaye ina buɗe nan ina rufe can, ina zagin batir, ina zagin wanda ya sayar da shi. Hajiya na zaune a kan sallaya da carbinta tana bin ni da ido.

"Injiniya, lafiya?" Haka take kirana in za ta tsokane ni.

Na so in ɓoye mata, amma fuskata ta riga ta tona. Na gaya mata gaskiya.

"Ka ce ka kashe komai?"

"Komai, Hajiya."

Sai ta ɗaga carbin ta nuna talabijin. "To wancan jan idon fa?"

Na ce ai wannan ba komai ba ne, ɗan haske ne da ke nuna a kashe take.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin an kashe abu yana zare wa mutane ido ba. Barci ka sa ta, ɗan nan, ba kashe ta ka yi ba."

Na buɗe baki zan kawo mata turancin aiki, ta riga ta miƙe. Ta zare filogin talabijin daga soket, ta zare na dikoda. Ta je kan injin ɗumama abinci ta ga agogonsa yana ci, ta ce, "Kai kuma wa ya tambaye ka lokaci?" Ta zare shi. Ta tattara cajoji uku da na bari a jone ba waya a jikinsu. Tana yi tana ba ni labarin yadda wuta ta taɓa dawowa da ƙarfi a gida ta ƙona mata talabijin da rediyo a rana ɗaya, alhali duk an "kashe" su. Tun daga ranar, in aka ɗauke wuta, ba ta yarda da maɓalli, sai ta ga filogi a ƙasa.

Da ta gama da masu ido, sai ta koma bi da tafin hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ta taɓa wannan, ta taɓa wancan. "Duk abin da ke da ɗumi ci yake yi," in ji ta. A ƙarƙashin kujera hannunta ya tsaya. Na ɗaga katifar kujerar, ga wani akwatin ƙarfe da ɗumi, 'yar fankarsa na juyawa a hankali. Inbata ce, wadda ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Tun jiya take aiki ba hutu, don kawai ta ciyar da masu barci.

Kunya ta kama ni. Na san wannan sarai, a takarda. Amma shekaruna a garin da ba a ɗauke wuta sun sa na manta cewa wuta abu ce mai ƙarewa.

Saura matsala ɗaya. In firjin ta inbata yake shan wuta, ina kashe ta na kashe shi. Na sake kiran abokina, ya ce wallahi bai sani ba, shi tun da ya sayi karaban bai taɓa taɓa akwatin nan ba. Ya ba ni lambar wani mai gyara a Ras Al Khor, shi kuma bai ɗaga waya ba, safiyar Juma'a ce, ranar hutu.

Na yi bismillah na danna maɓallin inbatar. Fankar ta tsaya. Na durƙusa na manna kunnena a jikin firji. Tsit. Ba na son buɗe shi, kar ɗan sanyin da ke ciki ya fita. Minti nawa na yi a durƙushe ban sani ba, na dai san gumi na ɗiga daga haɓata. Can sai na ji ya ɗan girgiza, ya kama gurnaninsa. Ashe kai tsaye yake sha daga batir.

"Alhamdulillahi!" Na faɗa da ƙarfi har Hajiya ta firgita.

Daga nan ita ta karɓi mulki. Ta sa na hau rufi na goge rairayin da ya lulluɓe solan. Ta rataya zaninta a tagar da rana ke dukan firji. Ta kafa doka, ba mai buɗe shi ko don ruwa. Muka zauna a inuwar karaban muna shan ruwa mai ɗumi, ni ina leƙa mita kowane minti biyar, ita tana cewa in zauna kar in cinye sauran da ido. Layin nan guda bai motsa ba har la'asar.

Da abokina ya iso, kafin ya kashe mota na buɗe firji na ɗauko kwali ɗaya na manna a kumatuna. Sanyi ƙalau. Shi kuwa da ya ji abin da ya faru, washegari ya koma Ras Al Khor aka sa masa maɓalli guda mai yanke komai banda firji.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Maganar mai magani ta tsaya mini a rai, cewa ido ba ya gane wadda ta lalace. Hajiya ta koma Kano, ni kuma kullum sai na kira ina kewaye-kewaye, ya hanya, ya gida, ya jiki. Ban iya tambaya kai tsaye ba.

Na koyi zare filogi, wannan kam har yau. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne yadda na kusa jawo wa mahaifiyata ciwo da kalma ɗaya da na faɗa da cikakken yaƙini, ban duba ba.

Ranar da ta cika sati biyu da komawa, ina tsakiyar kwantenoni da rana, ta kira ni da kanta.

"Ɗan nan, ka daina kewaye-kewaye. Na buɗe sabon kwalin allurar tun shekaranjiya, na gwada safe da yamma. Sugan yana nan daidai."

Na ce to, Hajiya. Na nemi gefen kwantena na zauna a ƙasa, da kayan aikina da komai, ina ta hamdala.