Makullin Benen Malam Firmin

Da Malam Firmin Roussillat ya rasu, jaridar lardinmu layi huɗu ta ba shi, kuma a cikin huɗun sai da ta ce wai "yana ɗan taimakawa da kiɗa a coci". Taimakawa! Mutumin da ya yi shekara hamsin da huɗu yana kaɗa ogan, babban abin kiɗan coci mai bututu, a garin nan. Ni Ghislaine Bertaud ma'aikaciyar gidan waya ce, ban iya tsara zance ba, amma shekara talatin ina tsaye kusa da shi a bene duk Lahadi. Zan faɗi abin da na sani.

An haife shi a 1938 a layin bayan tasha. Babansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, uwarsa wanki da guga take yi wa mutane. Yana da shekara goma sha takwas ya tafi Paris karatun kiɗa, kuma waɗanda suka san harkar sun ce da ya zauna can da ya yi suna. Bai zauna ba. Ɓarin jikin uwarsa ya shanye, ya dawo jinya, ya tarar mai ogan ɗin cocinmu ya tsufa har ba ya iya hawa matakala. Aka miƙa masa makullin bene, shi ke nan. Bai yi aure ba. Abincinsa miyar albasa ne da burodi da cuku, sai ran Lahadi ya ci kaza a gidan ƙanwarsa.

Matakala arba'in da uku ce zuwa benen. A can sama sanyi ya fi na waje, don Malam bai taɓa yarda a kai abin ɗumama ɗaki ba. Ya ce zafi yana tsaga katako, yana ɓata muryar bututu. Sai ya sa rigar sanyi biyu, ya cire takalmin titi, ya sa wani tsohon baƙin takalmi mai siririn ƙasa da yake ajiyewa ƙarƙashin benci, don da ƙafa ake taka manyan muryoyin. Ni aikina jan sandunan da ke sauya muryar ogan ɗin, idan hannuwansa biyu suna kan aiki. Na yi karatun fiyano a wurinsa shekara biyu kafin ya gaya mini gaskiya.

"Ghislaine, kunnenki na katako ne," in ji shi. "Amma ba kya makara, kuma ba kya surutu. Zo ki riƙa ja mini sanduna."

Haka yake magana. Rabin mutanen garin nan sun zauna a falonsa ran Laraba suna koyon kiɗa, kuma babu wanda ya yi wa ƙarya. A cikinsu mutum ɗaya ce ta yi nisa, Clémence Vauzelle, 'yar mai gidan burodi, wadda yanzu take kaɗawa a manyan coci-coci na Paris.

Yawancin abin da yake kaɗawa ba a takarda yake ba. Duk waƙar da fada, limamin cocin, ya ɗauko, sai Malam ya cafke ta, ya juya ta, ya gina mata gida nan take. Ko fada ya kauce daga muryar, Malam zai bi shi a hankali ya dawo da shi hanya, ba wanda zai gane. Inda ya fi zuba gwaninta shi ne kiɗan fita, bayan an gama sujada. Kuma a nan ne abin haushin yake. Da ya ɗora hannu, sai kujeru su fara ƙara, a tashi ana gaishe-gaishe, ana tambayar farashin naman maraƙi. Kafin ya kai rabi, cocin ya zama wayam. Muryar da ta fi tashi kullum ta Huguette Chalumet ce, shugabar kwamitin coci, wadda muka yi aji ɗaya da ita.

Na taɓa ce masa, "Malam, don me kuke wahalar da kanku? Ba mai saurare."

Ya ce, "Ke fa, da kunnenki na katako? Ja sanda ta uku, kina ɓata mini lokaci."

Yana kuma rubuta nasa kiɗan a gida. Cikin gwangwanin biskit yake ajiye takardun, gwangwani bakwai a saman kabad. Bai taɓa kaɗa ko ɗaya a bainar jama'a ba. In an tambaye shi sai ya ce bai gama gyarawa ba.

A watan Nuwamba na 2015 aka kwantar da shi a asibiti. Na je duba shi da rana, ya zaro makullin daga aljihun rigar barci ya damƙa mini.

"Kin san abin da ake yi," ya ce. "Ranar da aka kawo gawata coci, kada kowa ya taɓa ogan ɗin. A rufa masa baƙin ƙyalle, kamar yadda muka yi wa wanda na gada."

Na sani mana. Tsohuwar al'ada ce: idan mai ogan ya mutu, ogan ɗinsa ba ya magana ranar jana'izarsa, shi ma yana cikin makoki. Na ce masa to. Bayan kwana shida ya cika.

Fada Corentin bai fi wata takwas a garinmu ba, yaro ne mai kirki, amma daga inda ake kaɗa jita a coci ya fito. Ya kira ni ofishinsa ana jibi jana'iza. Na tarar da Huguette zaune da takarda a hannu.

"Madam Bertaud, mun shirya masa babbar karramawa," in ji Fada. "Madam Vauzelle za ta zo daga Paris ta kaɗa. Sai ki kawo makullin gobe."

"Ba za a kaɗa ba, Fada."

Huguette ta ajiye takardar. "Ke Ghislaine, kanki ɗaya? Jana'izar mai ogan, a ce babu ogan? Me mutane za su ce? Har magajin gari zai zo!"

"Shekara nawa yana kaɗawa kina ba da labarin ciwon gwiwarki? Yau ne kike son ji?"

"Ji mini mata! Makullin na gidanku ne?"

"A hannuna ya sa shi, ba a naki ba."

Fada ya ɗaga hannuwa. Ya ce bai taɓa jin wannan al'ada ba. Na ce ba laifinsa ba ne, ba a haife shi ba lokacin da aka yi ta ƙarshe a nan. Huguette ta ce za ta kira mai gyaran ƙofa ya ɓalle kwaɗon. Na ce ta kira, zai same ni zaune a kan matakala.

Huguette ba ta ba ni tsoro ba. Wadda ta girgiza ni Clémence ce. Washegari da hantsi ta sauka daga jirgi ta zo gidana kai tsaye, da jakar takalminta na kiɗa a hannu da gwangwanin biskit ɗaya da ta karɓo wajen ƙanwar Malam. Ta buɗe shi a kan teburin kicin.

"Yaya Ghislaine, na san al'adar, ba sai kin gaya mini ba," ta ce. "Amma dubi wannan. Na karanta shi a tsaye a gidan. Wallahi ya fi rabin abin da nake kaɗawa a Paris. Gobe cocin zai cika maƙil, kuma ba mai tashi, don akwai gawa a gaba. Yaushe kuma za su sake zama su saurare shi? Minti shida kawai."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Na fi kowa son su ji shi. Na zauna ina kallon rubutunsa, da ɗigon shayi a gefen takardar.

Na ce, "Clémence, ya taɓa roƙon ki wani abu?"

"Bai taɓa ba."

"Ni ma sai wannan. Abu ɗaya a shekara talatin."

Ta mayar da murfin gwangwanin. Can ta ce, "Ƙyallen yana nan?"

Yana nan a akwatin ɗakin kayan coci, asu ya ɗan ci gefe. Mu biyu muka hau da shi da yamma, muka rataya shi a gaban bututun. Na kulle ƙofar, na mayar da makullin jakata.

Ran jana'izar, da aka shigo da akwatin, mutane suka saurari kiɗa kamar kullum, ba su ji komai ba. Sai takun masu ɗauke da shi, da tarin wani tsoho. Ɗaya bayan ɗaya suka fara waiwayawa suna ɗaga kai. Akwai waɗanda na tabbata ranar ce suka fara kallon benen nan. Aka rera waƙoƙin da baki kawai, kuma ba wanda zai dawo da Fada hanya, haka muka bi shi a karkace har ƙarshe. Da aka fita da Malam, babu wanda ya yi maganar naman maraƙi. Huguette ta wuce ni ba ta gaishe ni ba, amma na ga hancinta ya yi ja don kuka.

Clémence ta ɗaga tafiyarta zuwa Litinin. Ran Lahadi da safe muka sauke ƙyallen, na ba ta makullin. Ta ce kiɗan Malam za ta yi a fita, kuma murya ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ba ta buƙatar in ja komai. Don haka da aka kusa gamawa na sauko, na rufe babbar ƙofa, na jingina bayana da ita.

Clémence ta fara. Kujeru suka fara ƙara. Huguette ce ta fara isowa, da jakarta a hammata.

"Matsa, Ghislaine, na bar nama a kan wuta."

"Minti shida ne. Na Malam ne. Koma ki zauna."

Ta dube ni, ta dubi benen, ta koma. Sauran ma suka koma, wasu suna gunaguni. Ko kiɗan yana da kyau yadda Clémence ta ce, ban sani ba, kunnena na katako ne. Abin da na sani shi ne mutum sittin da wani abu sun ji shi har ƙarshe.

Fada ya ce kada in sake tare ƙofa, dokar kashe gobara ta hana. Sauran gwangwani shidan ma suna wajen Clémence tana dubawa. Tsohon takalmin yana nan ƙarƙashin benci, ban bari an taɓa shi ba.