Fim ɗin da Malam ya bari

Ina tankaɗen garin dawa ƙanin Malam ya yi sallama, da jakar kyamara rataye a kafaɗarsa. Malam ba ya ba kowa riƙon jakar nan, har ni matarsa. Kafin ya ce, "Yaya, sai haƙuri," na riga na ajiye rariyar. A Aujara ajali ya same shi, a bakin wata rijiya da ake haƙa. Ya durƙusa yana ɗaukar hoto, bai tashi ba.

Aiki ya kawo mu Dutse lokacin da aka ƙirƙiro jiha, muka zauna a unguwar Limawa. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar kyamara, ya ƙara mata wani gilashi a baki. Ba ya ɗaukar mutane, sai dutse, kuma sai ya matso kamar zai sunsuna shi. In aka wanko hoton ka rantse kogi ne, ko gonar da aka yi wa huɗa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a an sha yin gardama a kan hoto a ƙofar gidanmu. Shi dai cewa yake, "Nawa ba su da rai, ku ƙyale ni."

Masu haƙar rijiya ne suka aiko masa cewa sun tono itacen da ya zama dutse, da ɓawonsa da komai. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba don ɗoki. Ban taɓa ganin itacen ba. Sun ce bayan rasuwar an haɗa shi da sauran duwatsu an ɗaure bakin rijiya.

Sai ya zama abin da ya gani a ƙarshe yana cikin fim ɗin nan kaɗai, ni kuwa na shiga takaba. Bazara ce. Ya sha gaya mini zafi yana cinye fim, don haka na naɗe kyamarar a zane na ajiye bayan randa. Kullum sai na taɓa na ji ko ta yi ɗumi. Wata huɗu da kwana goma ya yi mini nisa. A sati na uku na kira ƙaninsa, ya samo mai hoto ya cire fim ɗin a gabana, na ce ya kai Kano inda Malam yake wankewa. Wace rumfa ce, ban sani ba, ban taɓa tambaya ba.

Ya dawo da ambulan marar nauyi.

"Yaya, mai wankin ya ce fim ya lalace. Ya ɗaga shi a fitila, babu mutum ko ɗaya, duk dabbare-dabbare ne. Shi ya sa bai buga ba."

"Alhaji, ka taɓa ganin mutum a hoton yayanka?"

Ya cire hula ya sosa kai. "Wallahi sai yanzu. Kawo, gobe in koma."

"Bar shi," na ce. Na ga shatin yatsa a kan baƙar ledar fim ɗin, da inda aka karce ta a gefe. Ban iya sake miƙa ta ba.

Da ya tafi na ɗaga ta a hasken taga. Layuka ne da ɗigo-ɗigo. Ban san ko jikin itacen ba ne, ko kuwa mai wankin ne ya faɗi gaskiya, zafi ya riga ni. Mai bambance mini su ba ya nan.

Na yi niyya in na fita takaba in kai da kaina, in tsaya a kan mai bugawa. Sau biyu ina zuwa tasha da ambulan a jaka, ina komowa gida. Har yau ban kai an buga ba.