Littafin da Ya Sha Man Gyaɗa

Shekarun baya, zamanin da nake dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, dukiyata ɗaya ce tak: littafin tsofaffin waƙoƙin Turanci da aka ba ni kyauta a makarantar Midil ta Kano, kafin mahaifina ya kwaso mu zuwa hajji ya rasu a hanya. Waƙoƙin so ne da 'yanci, da na nagarta da tsoron Allah. Buhu nake ɗauka yini guda, amma muddin littafin yana ƙarƙashin tabarmata, gani nake ni ɗan boko ne mai jiran lokacinsa. Karatun kam rabona da shi an jima, don in na dawo gida ko takalmi da ƙyar nake cirewa.

Mahaifiyata soyayyar gyaɗa take sayarwa a kasuwar Bab Makka. Wata Juma'a na biya ta wajenta, ta ƙunsa mini gyaɗa a takarda. Ina warwarewa sai ga baitocin da na taɓa haddacewa, sun sha mai.

"Inna, ai littafina ne wannan."

"Wanda ba ka buɗewa? Ai ba Larabci ba ne. Yalla, ci gyaɗarka."

Haushi ya sa na ce, "To akwai sunan Allah a ciki. Kowane shafi."

Ƙarya na yi, shafuka kaɗan ne. So nake kawai ta ji zafin da na ji. Ta saki gwangwanin awo, ta dubi ƙasa inda jama'a ke tattaka takardu.

"Innalillahi. Ni na sa ake taka sunan Allah?"

Kwana uku ba ta kasa gyaɗa ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana bin lunguna cikin zafin Jidda, tana sunkuya wa duk takarda mai rubutun boko. Na ce, "Halas, Inna, ya isa haka." Ta ce ba ni za a tambaya gobe kiyama ba. Gaskiyar kuma ta yi mini nauyi a baki.

Abin da ta tsinto ta goge, ta ɗinke da zare da allura. Wasu shafukan a kife suke, har da takardar sabulu a tsakiya.

Ban koma makaranta ba, dako na yi har bayana ya ƙi. Littafin yana nan, ba na iya buɗe shi. Duk nagartar da mawaƙan nan suka ƙawata, ni a kasuwa na gan ta a sunkuye, kuma ni na sunkuyar da ita. Har yau abin yana damuna.

Har ta rasu takan tambaye ni, "Duk na tsinto, ko?"

Nakan ce, "Duka, Inna."

Ƙarya ta biyu ke nan. Ita kam ban taɓa nadamarta ba.